Ranki Ya Daɗe, Magajiya

"Me ka ce da ni?" Inno ta ɗago kai daga kan tabarma.

Abdulghani ya dube ni, ni Jaji da na rako shi gaisuwar neman aure. Yaron kirki ne, yana dako a tashar jiragen ruwa, sai dai haihuwar Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Na ce... ranka ya daɗe, ya hajja."

"Ranka? Namiji ka gani? Ya hajja kuma! Haka masu sayen gyaɗa ke kirana a bakin titin Bani Malik. Jaji, fitar min da shi!"

Jikarta Zinariya ta fashe da kuka a bayan labule.

Yaran yanzu ba su san komai ba. Kafin Inno ta zo hajji ta maƙale a unguwar Karantina ta Jidda, ita ce Magajiyar garinmu, tun daga zaure ake cire mata takalmi. Jidda ta karɓe mata komai, sunan nan kaɗai ya rage.

A bakin ƙofa na ji shi yana lallashin yarinyar.

"Habibti, yalla mu ɗaura auren kawai, halas!"

"Ita ta goye ni tun ranar da uwata ta rasu, masoyina. In ba ta ce eh ba, ni ma a'a ce... ko da sonka zai kashe ni."

Sai ya dawo wurina in koya masa gaisuwa. Ban raga masa ba.

"Durƙusa! Ba tsugunon mai jiran mota ba. Ido ƙasa. Ce: ranki ya daɗe, Magajiya."

"Ranki ya dade..."

"Ɗe! Ɗe, ɗan nan! Harshen naka na katako ne?"

Muna cikin haka ciwo ya kayar da Inno. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama, don haka ba asibiti. Ranar da aka ce jiki ya yi tsanani, Abdulghani ya shiga ɗakin ba takalmi, ya zube.

"Ranki ya daɗe, Magajiya. Allah ya ja zamaninki."

Ta buɗe ido, ta yi 'yar dariya mai haɗe da tari.

"Ja'iri... sai da ran ya ƙare za ka ce ya daɗe? Sake faɗa."

Ya sake, hawaye na zuba.

"Na ɗauka da Jaji za a binne sunan nan, don shi kaɗai ya rage mai kirana da shi. Na ba ka Zinariya. Ka koya wa 'ya'yanku."

Ba ta ga ɗaurin auren ba. Muka kai ta maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa, yau ko ni ban iya nuna kabarinta.

'Yarsu ta fari sunan Inno ta ci. Duk safiya kafin ya tafi dako, sai ya durƙusa gaban jaririyar, ido ƙasa.

"Ranki ya daɗe, Magajiya."

Zinariya takan juya ta fuskanci bango, tana ɓoye hawaye.