Firijin Siddiƙu

Da hantsi Siddiƙu, matashin da ke kula da kwamfutar ƙungiyar manoman rani a wani ƙauye kusa da madatsar Goronyo, ya tarar da kwaɗon ofis a fashe. Allon kwamfutar ya yi ɓatan dabo. Kafin Sufeto Halilu ya iso daga gari, labari ya riga ya zaga cewa an ga Gajere, makiyayin rugar da ke bayan kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ya gilma ta wurin da shanunsa da sassafe. Wai ya sace taswirar gonaki ne don kada a gane ɓarnar dabbobinsa.

Halilu ya iske mutane sun fi ɗari a ƙofa, da sanduna da fartanyu. An kulle Gajere a ciki, leɓensa na jini. Magana ɗaya ke yawo a taron: in azahar ta yi ba a ga allo ba, ruga za ta ci wuta. A rugar kuwa akwai mata da yara da tsohuwar uwar Gajere. Da kurata biyu kacal Halilu ya zo, kuma ya ji tsoro ƙwarai, don ya taɓa ganin abin da taro ke yi in ya daina jin magana.

Ya fara da wayar allon. Ba zare ta aka yi ba, an yanke ta ne a karkace, yadda ake yankan shinkafa da lauje. A gefen tebur ga wani ƙaton baƙin akwati ya kusa kai wa mutum ƙugu, gabansa duk raga, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Wanga hwa, mi na?" ya tambayi Siddiƙu.

"Kwamfutar ke nan, yallaɓai."

"Duk wanga girma?"

Siddiƙu ya ce, "Hotunan da ƙaramin jirgi ka ɗaukowa na gonaki nauyi gare su. Kayan ciki na yin zahi, ga zahin garinmu. Ƙaramin akwati ba shi ɗaukar katin hoto, ba shi da wurin iska. Sai niz zaɓi mai hwanka bakwai. Har hwaɗa anka yi da ni, mutanen gari firiji suka ce mai."

"Taswirar tana ina?"

"Ciki nai. Allo gilashi na kawai."

Halilu ya dube shi. "Kunna shi. Kuma kada ka hwaɗa ma kowa abin da kac ce yanzu."

Siddiƙu dai ya fita daga zargi. Mai makulli a aljihu, wanda zai iya goge komai da yatsa ɗaya, ba ya bukatar lauje.

Gajere na tsugune a lungu, yana kallon taga duk lokacin da ihu ya tashi.

"Ka biyo nan da sahe?"

"Kullum nan nika biyowa, ranka shi daɗe. Burtalinmu ya toshe, shanu ba su da wata hanyar ruwa."

"Ka san wancan akwati?"

"Ni niɗ ɗauko shi bisa kai daga mota ran da anka kawo shi. Nauyi kamar maraƙi. Siddiƙu yac ce mini gonakin duka ciki suke." Ya sake kallon taga. "Yallaɓai, tsohuwata ba ta iya gudu."

Halilu ya juya ga Siddiƙu ya tambayi wanda ya taɓa ganin taswirar. Ashe sai gobe za a nuna wa jama'a. Mutum ɗaya aka nuna wa ranar Alhamis, shugaban ƙungiya, Alhaji Atiku.

Alhaji na waje yana ba mutane haƙuri, irin haƙurin da ke ƙara wa wuta fetur. Da aka kira shi ya shigo a natse, ya zauna, ya jingina gorar ruwansa a jikin ragar akwatin, inda fankoki ke juyi.

"Alhaji, yanzu ƙaƙa za a yi da taswira?"

"Taswira ta tahi, ɗana. Sai kowa shi tsaya inda shika noma."

"Wanga akwati hwa?"

"Firijin yaron ga? Tun hwarko nic ce asara ta. Ko ruwa ba shi sanyayawa da kirki."

Halilu ya aika kurtu ɗaya ya aro talabijin ɗin mai shayi. Siddiƙu ya jona. Gonaki suka bayyana kore shar, ga burtali an ja shi da jan layi tun daga ruga har bakin ruwa. Wuri ɗaya kawai layin ya nutse cikin shuka, a gonar albasar Alhaji.

Hular Alhaji ta jiƙe da gumi.

"Ɓarawo ya zo ɓad da taswira, yab bar ta yat tahi da gilashi," in ji Halilu. "Siddiƙu ya san inda take. Gajere ma ya sani, kuma shi taswirar ga hanya tai za ta maido mai. Sai wanda yag ga gona tai ga allo, yay yi zaton nan take zaune. Kai ɗai ag gan ta, Alhaji. Ina allon?"

"Ƙarƙashin albasa, cikin rumbuna," Alhaji ya ce a hankali. "Ni tsorata makiyayan kawai nika so a yi."

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ɗaya kurtun ne, yana haki. "Yallaɓai, ba su jira azahar ba. Babura shida sun nuhi ruga da jarkar fetur."

Gajere ya miƙe zumbur. Halilu ya finciko Alhaji ya ɗora shi bayan babur ɗinsa, babbar riga na jan ƙasa. Hanyar gefen kanal siririya ce, duk ramuka, amma bai taka birki ba. Idonsa na kan sama, yana neman hayaƙi.

Sun cim musu a bakin bukka ta farko. An riga an kwarara fetur a jikin ciyawar, wata tsohuwa na zaune a ƙofa ta rungume jikoki biyu. Wanda ke riƙe da ashana kuwa Sale ne, babban ɗan Alhaji.

"Baba, koma gida," in ji Sale. "Yau sai ɓarawo ya gane kure nai."

Halilu ya kashe babur. "Alhaji, hwaɗa mai, ko in hwaɗa."

Alhaji ya sauko, ya taka har gaban ɗansa, ya miƙa hannu.

"Ba ni ashanar, Sale," ya ce. "Ɓarawon da kaka nema, ni na."