Wanzamin Dutsen Palani

Ranar da Thenmozhi ta rako kakarta Palani, a kudancin Indiya, cika alkawarin aski, gaban Kathir tsohuwar ta zauna. Wanzami ne a gindin dutsen, shi ke aske masu ziyara kafin su hau su gaida Murugan, abin bautarsu.

"Yaro, kaina za ka kalla, ba jikata ba," in ji kakar. "Kunne biyu na zo da su."

Thenmozhi ta rufe baki da gefen sarinta tana dariya. Kafin su kama hawa, ya samu lambarta.

Kullum sai ya rubuto mata: "Ƙwayar idona, yau ma dutsen ya cika maƙil, har da Turawa masu ɗaukar hoto, amma ni ban ga kowa ba."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, malamin makaranta ne mai ji da asali, sai ya ture farantin shinkafarsa.

"Ɗan wanzamai? Ina raye?"

"Baba, mutumin kirki ne."

"Ya je ya yi kirkinsa a danginsu!"

Kathir bai so ta rabu da gidansu saboda shi. Ya tura mata: "Ki yafe mini, Thenu. Ki bi mahaifinki." Ya canja lamba. Ita kuwa ta ɗauka gajiya ya yi da ita. Ta daina kwalliya, ta daina saka fure a gashi, duk manemin da aka kawo ta ba shi shayi ta koma ɗaki. Da kakar ta rasu, gidan ya rasa mai sa ta dariya.

Shekara ta zagayo. Wata safiya wani dattijo ya zauna gaban Kathir ya sunkuyar da kai. Can baya Thenmozhi ce tsaye, ta rame har awarwaronta na zamewa. Sai ya gane dattijon mahaifinta ne.

"Aske, ɗana," in ji dattijon. "Na yi alkawarin gashina don ta warke. Likita ya ce ba shi da maganinta. Ka turo manyanka."

Thenmozhi ta matso. "Ka canja lamba, Kathir."

"Na ji tsoron in na ji muryarki ba zan iya ba."

Ta fashe da kuka, shi ma haka.

A saman dutsen ya ɗaura mata zaren aure a wuya, bisa al'adarsu. Rabin danginta ba su zo ba. Mahaifinta ya watsa musu shinkafa ya ce, "Ku tsufa tare, 'ya'yana."