Rijiyar da Shahata Ya Sayar

Shahata ɗan Nabawiyya ya sayar wa boka rijiyar ubansa, alhali ya san jama'a na sha. Kada wani ya ce muku yaudararsa aka yi. An faɗa masa abin da za a karɓa, ya ji da kunnensa, ya amsa.

A shekarun da ake haƙa Mashigin Suwais ne. Ƙauyensu Sidra yana gefen tafkin Manzala, mutanensa masunta ne da masu dabino. Tun da aka tsaga ƙasa aka buɗe wa teku hanya, ruwan wajenmu ya soma canja ɗanɗano. Karfasa ta ragu, ciyawar bakin ruwa ta ƙone, rijiyoyi suka riƙa komawa zartsi ɗaya bayan ɗaya. Ta gidan su Shahata kaɗai ta rage da daɗi, kuma ubansa Abdul'ati ya bar wasiyya kada a hana kowa zura guga.

Shahata kuwa zama ya gagare shi. Kullum yana hanyar Bur Sa'id, sabon garin da ke bakin Mashigi, inda salkar ruwan daɗi ta fi kwandon kifi tsada. Can ya ga wani da suka taɓa jan taru tare yana yawo a keken doki. Ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Uwarsa Nabawiyya ta ce, "Kai dai ƙafarka ƙaiƙayi take. Zauna ka ɗinke tarunka."

Ya ce, "In kama me da shi, Inna? Gishiri?"

Ranar wata Talata da tsakar rana ya tuƙa kwalekwale zuwa tsibirin da boka Mitwalli yake, riƙe da butar ruwan rijiyarsu, kamar yadda aka ce masa ya zo da shi. Bukkar ta kara ce da katakon fasasshen jirgi. Ƙasanta fari fat da gishiri, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Tuluna ne jere a jikin bango, an liƙe bakinsu da laka, kowanne da tsumma ɗaure a wuya. Akwai ƙarnin kifi, amma ko ƙuda ɗaya babu. Mitwalli tsoho ne busasshe, leɓensa a tsage kamar ƙasan fadama da rani.

Ya karɓi butar ya sansana. "Ruwan Abdul'ati. Ya taɓa shayar da ni. Me ɗansa yake so?"

"Ruwan da ba ya ƙarewa, in sayar a gari."

"Mai sauƙi ne. Ka ba ni rijiyar."

"Ta yaya mutum zai ɗauko rijiya, Baba?"

"Tana nan inda take. Zaƙinta ma ba zai canja ba. Amma duk wanda ya sha ta daga yau, ruwan jikinsa nawa ne."

Shahata ya gyara zama. "Ni da iyalina fa?"

"Wanda bai sha ba, ban san shi ba."

"To, sai in kwashe su mu koma gari."

Mitwalli ya yi murmushi. "Ba ka tambayi mutanen ƙauyenku ba."

Shahata ya kalli ƙofa. Ya ce, "Su ma suna da ƙafa."

Boka ya juye ruwan butar a wani tulu da ba komai a ciki, ya liƙe, ya yagi bakin rigar Shahata ya ɗaure a wuyansa. Ya ba shi ƙulli biyu na fatar baƙin akuya, ya ce ɗaya ya jefa a rijiya, ɗaya ya binne ƙarƙashin kwatarniyar da zai gina a gari. Sannan ya gutsura gurasa ya dangwali gishirin ƙasa, ya ci rabi ya miƙa masa rabi. Kowa ya san alkawarin gurasa da gishiri ba ya warwaruwa. Shahata ya tauna ya haɗiye.

Abin ya ci. Kwatarniyar da ya gina a Bur Sa'id, a ɗiba tun safe har la'asar, tana nan a cike. Ya sayar wa masu haƙa, da aka buɗe Mashigi ya sayar wa jirage, kwalekwalensa goma suna kai musu ganguna ana janyewa da igiya. Ya gina bene, aka koma kiransa Mu'allim, kamar yadda ake kiran manyan 'yan kasuwa a can. A Sidra kuwa mutane suka kamu da ƙishin da ba ya yankewa. Suna sha suna bushewa. Aka ce annoba ce da jirage suka kawo, aka binne waɗanda aka binne.

Duk da haka bai sami natsuwa ba. Ya kafa doka kada wani abu na Sidra ya shiga gidansa, ko dabino, ko kifi, balle buta. Baƙo daga ƙauye sai an zazzage kayansa a ƙofa. Yana cikin ciniki sai ya tashi ya ruga gida ya leƙa randuna. Matarsa Bahiyya ta ce, "Mu'allim, kai da ruwa ya yi wa arziki, me ya sa kake kallon randa kamar akwai maciji a ciki?" Ya mayar da murfin randar ya fita. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba, nan kuma ya yi kuskure.

Bayan 'yarsu Nargis sun daɗe ba haihuwa, sai Allah ya ba su ɗa namiji. Mu nan, ranar bakwai ana ƙawata buta a cika ta da ruwan gidan kakanni, a ajiye wajen kan jariri, a jiƙa masa leɓe, sauran a zuba a abin shan da 'yan gida za su sha. Nabawiyya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ce za ta ziyarci kabarin mijinta, ta dawo da buta a ƙarƙashin mayafi. Wa zai zazzage uwar maigida?

Aka watsa gishiri a ɗakuna, aka daka turmi, mata suka yi guɗa. Aka miƙa wa Shahata kofi ya kurɓa. Harshensa ya gane kafin hankalinsa.

"Inna, ruwan ina ne wannan?"

"Na ubanka mana. Jikan Abdul'ati zai buɗe baki da ruwan kasuwa ne?"

"Wa da wa suka sha?"

"Kowa. Me ya faru ka yi fari haka, ɗana?"

Jaririn ne ya fara tafiya, kwana uku, yana tsotso yana ƙanƙancewa. Nargis ta biyo, ta rasu rungume da randa. Nabawiyya, da ta ji gaskiya daga bakinsa, ba ta zage shi ba. Ta juya wa bango fuska har rai ya yi halinsa. Bahiyya ta haukace, tana bin bakin Mashigi tana roƙon ma'aikatan jirage su ba ta ruwa, in an ba ta sai ta tofar.

Shahata ya koma tsibirin da jakar zinariya. Mitwalli na zaune, leɓensa ya warke, fatarsa na sheƙi.

"Karɓi benen, karɓi kwalekwalen, ka sake mu."

"Ni ruwa na saya, ba katako ba."

"Ba ni na kawo butar ba."

"Kai ka jefa ƙullin. Kuma mun ci gurasa da gishiri, Mu'allim. Ko a gari an daina wannan?"

Mashigi ya ci ƙasarmu ya kawo kuɗi, wannan kowa ya gani, kuma da yawa sun ci halalinsu a bakinsa. Amma wanda ya ce zai yi arziki da abin da maƙwabcinsa ke rayuwa a kai, ya sani wuta ba ta tambayar gidan wanda ya hura ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ku da kuke kallon keken dokin wani kuna kasa cin abinci, ku kiyayi kanku.

Shahata ya yi kwana arba'in yana sha ba ya ƙoshi. An same shi kife a bakin kwatarniyarsa, tana cike maƙil, harshensa ya bushe kamar fatar takalmi. Mutanen Sidra da suka rage sun ƙi a binne shi kusa da ubansa.