Telan da Bai San Ragi Ba

A wani gari can an yi wani tela, ba abin da yake so kamar haɗa amfilifaya, akwatin nan mai ɗaga murya. Da ya ajiye almakashi sai ya ɗauko wayoyi da dalma.

Ran nan ya haɗa wata, ya kira abokinsa wanzami ya saurara. Wanzami ya ce, "Ta yi daɗi, abokina, amma ina maɓallin rage murya?"

Tela ya ce, "Ragi? Ni ƙari na sani. A ƙara!"

Ya ƙara batir, kajin unguwa suka watse. Ya ce, "A ƙara!" Ya ƙara lasifika, jarirai suka farka da kuka, shi kansa kunnuwansa suka toshe. Ya ce, "A ƙara!"

Da ƙara ta ishi maƙwabta, sai suka kai ƙara wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya dubi tela ya ce, "Kwana uku kada ka kunna akwatin nan."

Tela bai ji komai ba, baki kawai ya ga yana motsi. Ya kama kunne, ya matso, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara!"

Mai unguwa ya ce, "To, kwana talatin."