Tumatir Ɗin da Babu a Rumfar Baba

Na rantse ba za ku yarda ba, amma yaro ɗaya da tsohuwar waya ya kusa sa a rufe rumfar mahaifinsa a Kasuwar Ose Okwodu.

Yaron ɗan aji shida ne, kuma akwai shi da cika baki. Mahaifinsa, Alhaji Mijinyawa, albasa da busasshen barkono yake sayarwa a Onitsha. Yayar yaron, Rahinatu, ita ce ta buɗe wa rumfar shafi a intanet. Sai dai in ka bincika, shafin yana can ƙasa, ba mai ganinsa.

"Yaya, yaushe shafinmu zai hau sama?"

"Sai a hankali," in ji Rahinatu. "Mu riƙa sa hoton kayanmu na gaskiya. Masu saye su yaba. Haka yake hawa."

"Ni a sati ɗaya zan kai shi."

"Kai da ko lissafin gida ba ka gama ba? Kada ka taɓa min shafi."

Ya taɓa.

Lokacin damina ne, tumatir ya yi wuya. Kowa shi yake nema. Yaron ya ɗauki tsohuwar wayar Rahinatu. Ya cika shafin da kalmar tumatir, sama da ƙasa. Ya kwaso hoton kwanduna jajur daga wani wuri ya liƙa. Ya sa lambar wayar da ke hannunsa.

Da yake ba wanda ya rubuta yana da tumatir a garin, shafin ya taso. Wayar ta fara ƙara. In an kira, sai ya kumbura murya kamar ta babban mutum, ya ce akwai kaya jibge. Ya kashe, ya yi ta dariya.

Ranar Juma'a da safe yana rumfa, sai ga wata mata da ƙarti biyu. Madam Obiageli ce, mai dafa abincin biki. Daga Enugu ta taso da mota.

"Alhaji, where my tomato?"

"Wane tumatir, Madam? Albasa nake sayarwa."

Ta nuna masa shafin a wayarta. Ga sunan rumfarsa. Ga kwanduna. Gobe take da biki, kuma an ce mata ta zo kawai.

Yaron ya sulale bayan buhunan albasa ya tsugunna.

Mutane suka taru. Wani ya ce damfara ce. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Ƙartin nan biyu suka tsaya a bakin rumfa, sun harɗe hannu.

Malam Indabawa, shugaban Hausawan layin, ya iso. Ya duba wayar ya daɗe.

"Alhaji, ka san zamanmu a garin nan. In mutum ɗaya ya yi ƙarya, dukanmu ake zagi. In ya tabbata aikinka ne, rumfar nan a rufe za ta kwana."

"Wallahi, Malam, ban san da shi ba."

Muryar Baba tana rawa. Yaron bai taɓa jin ta haka ba. Ya toshe bakinsa da hannu.

Madam Obiageli ta ce bari ta kira wanda ya yi mata alkawari. Ta danna lambar.

Wayar ta ɗauki ƙara a bayan buhuna.

Malam Indabawa ya leƙa, ya jawo yaron da wuyan riga.

"To, ga babban dillalin tumatir ɗinku."

"Baba, ni ne," in ji yaron yana kuka. "So nake shafinmu ya hau sama."

"Ya hau," in ji Baba. "Ka ga abin da ya sauko mana da shi."

Baba ya ba Madam haƙuri. Malam Indabawa ya aika neman tumatir rumfa-rumfa, har kasuwar Head Bridge. Wannan ya ba da kwando, wancan ya ba da rabi. Yaron aka sa ya yi dakon su a ka zuwa mota. Ruwan tumatir yana bin wuyansa, yaran kasuwa suna kiransa Oga Tomato.

Da ya gama, Rahinatu ta miƙa masa wayar. Ya goge ƙaryar da hannunsa, a gaban kowa.

Madam ta yi bikinta lafiya. Daga baya ta rubuta a shafin cewa mutanen rumfar nan sun fitar da ita kunya. Wasu suka karanta, suka zo sayen albasa.

Shi kuwa yaron ya koyi darasi. Kada ka tallata abin da ba ka da shi. Ƙarya tana iya kawo mutane ƙofarka, amma gaskiya ce take sa su dawo.