Wanda Ya Gusar da Turakun Masallaci

Ƙarfe tara na safe aka kawo bakanike ofishin 'yan sanda, jini na zuba daga girarsa, mutum kusan hamsin na biye da motar suna ihu. Sufeto ya sa aka kai shi bayan kanta, don nan ne kaɗai hannu ba zai kai gare shi ba.

Shekara biyu ke nan unguwar ta rabu a kan wani fili na bakin titi. Kwamiti na son gina masallaci, da zauren taro da ɗakin motsa jiki a jikinsa. Maƙwabta suka ce motoci da hayaniya za su hana su sakat, kuma bakaniken nan, mai garejin da ke kallon filin, shi ne bakinsu. Yau jami'an tsara birni suka zo duba awo na ƙarshe, sai suka tarar turakun ginin sun shiga titi da taku huɗu. Nan take suka dakatar da izini, matasa kuwa suka ce bakanike ne ya gusar da turakun, suka rufe shi da duka.

Shugaban kwamiti ya tari Sufeto a bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, in ba a kai shi kotu yau ba, garejin nan zai ci wuta. Ba zan iya riƙe su ba."

"Za ka iya," in ji Sufeto. "In aka ƙyasta ashana ɗaya, da kai zan fara."

A filin ya yi zaton ganin ɓarna, sai ya ga aiki. Turaku goma sha biyu a tsaye cir, igiya a miƙe, ƙulli iri ɗaya a kan kowane turke. Ya sa kofur ya ja tef ɗin awo daga kusurwa zuwa kusurwa. Ko yatsa ɗaya awon bai saɓa ba.

"Mai fushi tugewa yake ya watsar," ya ce. "Wannan da guduma da tef ya zo."

Sai dai kusa da turke na farko akwai sawun takalmi mai baƙin mai.

Ya koma ofis ya sa aka fito da bakanike.

"Ka shiga filin?"

"Wallahi ban taɓa taka shi ba."

"To takalminka shi kaɗai ya je yawo ke nan?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Na je, yallaɓai. Da sassafe, da niyyar in tuge su. Sai na tarar sun matso har cikin titi, gaban garejina. Tsoro ya kama ni, na juya."

"Ka iya awon gini?"

"Ni? Ko kantar gidana a karkace na kafa ta."

Sufeto ya yarda da shi, amma yardar Sufeto ba ta kashe wuta. Kofur ya riga ya bugo waya cewa an fara tara tayoyi a ƙofar garejin.

Injiniyar da ta zana ginin ta karɓe shi a tsaye, ba ta ma ce ya zauna ba. Ta shimfiɗa zanenta, ta ɗora awon da kofur ya ɗauko, ta daɗe tana kallo.

"Ba gusar da su kawai aka yi ba. An juya su."

"Yi min bayani kamar ɗan aji ɗaya."

"Don ginin ya shige filin, na jera shi da titi. Ya ɗan kauce wa alƙibla kaɗan, za a gyara sahu da layin kafet a ciki. Kwamiti ya amince. Wannan sabon awon kuwa yana kallon alƙibla sak."

"Wa ya ƙi amincewa?"

Ta taɓe baki. "Mutum ɗaya. Tsohon maginin nan na kwamiti. A gaban kowa ya ce ni 'yar jiya ce."

Sufeto ya sami tsohon a rumfar gidansa yana goge ma'aunin ruwa na magina da tsumma. Mutum ne mai furfura, wanda rabin gidajen unguwar hannunsa ne ya ɗora su.

"Baba, yaushe rabonka da filin?"

"Mako biyu, ɗana. Gwiwa ba ta barina."

"Allah ya ƙara sauƙi. Dama na zo ne in gaya maka mun rufe bincike. Bakaniken ne." Sufeto ya miƙe yana karkaɗe wando. "Ai aikin ma ya nuna. Kusurwa a karkace, igiya sako-sako, alƙibla kuwa ya baro ta can gefe. Aikin wanda bai taɓa riƙe tef ba."

Tsumman ya tsaya a hannun tsoho.

"Wa ya ce a karkace?"

"Injiniya."

"Ƙarya take! Sau uku na auna, ko gashi ɗaya bai..."

Tsohon ya ajiye ma'aunin. Sufeto ya koma ya zauna, kuma bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan.

"Shekara arba'in ina gini," tsohon ya ce. "A ce ɗakin Allah a karkace, don a sama wa masu ɗaga ƙarfe wuri? Na ce in izini ya faɗi, dole a sake zane. Na je in tura su titi kawai, hannuna ya ƙi kafa su a karkace."

Kafin la'asar matasan sun watse da tayoyinsu. A bakin kanta aka haɗu, ana shiga da tsoho, ana fitowa da bakanike da bandeji a ido.

"Ɗana, ka yafe ni," in ji tsohon.

Bakanike ya dube shi da ido ɗayan da ya rage a buɗe.

"Kana wurin fa, Baba. Na kira ka sau biyu suna dukana, ka juya kai."

Kofur ya kama hannun tsohon ya wuce da shi ciki.