Gugan da Rabo Ya Yanka

Duk tashar Dogon Dutsi an san direba Rabo da abu biyu, baki da dabara. Tsohuwar motarsa babu inda waya ba ta ɗaure ba. Robar share gilashi kuwa, cewa yake wawa kaɗai ke sayen sabuwa. Duk rani rana na gasa ta har ta bushe ta tsattsage. Idan damina ta kawo kai sai ya sami robar cikin taya, ya sa reza ya yanko siririya, ya zura ta a ƙarfen, ya matse haƙoran da filaya. Kafin shayi ya tafasa ya gama. Bana ma ya ce zai yi. Yau, gobe, har ruwan shuka ya sauka bai yi ba.

Bayan la'asar aka kira shi daga ƙauyensu, can bayan Kore Mairuwa. Kububuwa ta sari wansa Zaidu yana shuka. Kafin Rabo ya isa ƙafar ta zama turmi, dasashi ya fara jini. Tsofaffi suka ce na gida ya gaza, sai likita. Shatu, matar Zaidu, tana jego, ba ta iya bin su, Rabo kuma ya ce ba ya jiran kowa. Aka kwantar da Zaidu a kujerar baya. Rabo ya rantse wa Shatu kafin isha'i mijinta na hannun likita.

Suna barin gari hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Dab da magariba ruwa ya kece. Rabo ya kunna abin share gilashi. Tafiyar farko robar ta fice, iska ta yi gaba da ita. Sai ƙarfe tsirara yana kartar gilashi, ƙiii, ƙiii. Bai ganin ko hancin motar, ga hanyar duk kwazazzabai.

Ya tsaya gindin wani gawo, ya birkice bayan mota. Ko guntun roba babu.

Sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar rijiyar da ke gefen hanya. Guga na rataye a gwafa, na robar taya, baƙi, mai kauri.

Tun yana yaro ya san gugan nan. Matan yankin in sun gama ɗiba kowa ta tafi da nata, amma wannan ba a kai shi gida. In rana ta faɗi, ɗiba ta Doguwa ce, aljana mai rijiyar. In ya tsufa gari ke sake mata wani. Tun da Rabo ya koma birni yake ba abokai dariya da labarin.

Ya ɗauko reza. Daga baya muryar Zaidu ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Rabo, mi kaka yi nan?"

"Roba nika biɗa, Yaya."

"Ba wanga guga ba. Lokacinta na."

"In ruwa taka so, ga shi nan yana zuba kyauta."

Ya kama gugan. Duk sanyin ruwan nan, robar da ɗumi, kamar yanzu wani hannu ya sake ta. Ya yanko tsawon kamu biyu daga baki, ya zura, ya matse. Ta zauna daram kamar da ita aka ƙera ƙarfen. Shara ɗaya, gilashi ya yi tas. Ya ce wa wansa ya gani ko, ko ta kanti ba ta kai wannan ba. Zaidu kuwa salati yake.

Suka ɗau hanya.

Ƙarar ce ta fara damunsa. Ba irin wadda ya saba ba ce. In ƙarfen ya hau, sai ka ji gurrr, kamar igiya na gogar icen bakin rijiya. In ya sauko, sai tsulum.

Gurrr. Tsulum.

Sai wari. Tsohuwar laka, gansakuka, kashin jemage.

Ƙafarsa ta yi sanyi. Ya duba ƙasa. Ruwa ne, ya rufe takalmi. Ya ce a ransa yoyo ne, motar ta tsufa. Amma a waje ruwan sama ya koma yayyafi, a ciki kuwa duk hawa ɗaya na ƙarfen sai ruwa ya ƙaru. Ya kai idon sawu. Ya kai ƙwauri.

Zaidu ya fara tari.

Rabo ya ɗaga kai. Hanyar tana nisa, tana tsukewa. Hasken magariba ya tattaru ya zama ɗan kewaye can sama, kamar mai kallon sama daga ƙasan rami.

A bakin kewayen wata ta sunkuyo. Wuya dogo. Hannuwa dogaye. Tana ja, hannu bayan hannu, daidai da tafiyar ƙarfen.

Rabo ya kashe abin share gilashin. Bai tsaya ba.

Ya zare makulli. Inji ya mutu. Ƙarfen bai tsaya ba.

Ruwa ya hau kujera.

"Maida mata," in ji Zaidu. Sauran maganar ta zama kurkurar ruwa.

Rabo ya bangaji ƙofa da kafaɗa, da kyar ta buɗe. Ya haye kan motar ya cafke ƙarfen da hannu biyu. Ƙarfen ya ja shi dama, ya ja shi hagu, kamar ɗan akuya a igiya. Tafinsa ya tsage. Ya dafa ƙafa ya murɗe, ya karya shi, ya wurga cikin duhun gona.

Tsit.

Ruwa na kwarara ta ƙofa. Ga kwalta can gaba kaɗan.

Da kai a waje ya tuƙa har Dogon Dutsi, yayyafi na dukan idonsa. Duk hanya yana yi wa wansa hira, yana cewa sun kusa, ga fitilun gari can. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

A asibiti da aka juya Zaidu, ruwa ne ya zubo ta baki da hanci, baƙi, da laka. Likita ya ce dafin bai gama aikinsa ba, da ya iso da numfashi akwai allura. Ya tambayi Rabo wane tafki suka faɗa. 

Mutanen gari sun rataya sabon guga, ba su tambayi kowa ba. Rabo ya sayar da motar, ya koma ƙauye yana noma gonar wansa. Ba ya bin hanyar gawon, ko da rana tsaka.

Bayan addu'ar bakwai Shatu ta kira shi, jariri a cinyarta. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko wansa ya sami wanda ya ba shi ruwa kafin rai ya fita.

Rabo ya daɗe yana kallon tafinsa.

"Ya sha," ya ce.